Me ya sa sai an ƙure murya kafin a ji magana, waƙa na shigowa kuma a hau neman rimot?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan gida. Tun daren jiya ake ta ja-in-ja a kan kashin da aka saki na fim ɗin nan mai dogon zango. Wurin da uwar ta ja ɗanta ɗaki tana yi masa magana ƙasa-ƙasa, wasu sun ce sai da suka share hawaye, wasu sun ce ba su ji komai ba sai motsin baki, har suka tura gaba. Fim ɗaya, dare ɗaya. Masu sana'ar da ke cikinmu ku raba mana gardama: laifin masu shiryawa ne ko na wayoyinmu?

Mai Sauti Zoo Road: Wa alaikumus salam Hajiya. Matsala biyu ce a haɗe, bari in ɗauki ta lokeshin tukuna.

Murya tana raguwa da nisa fiye da yadda mutane ke zato. Duk sanda aka ninka tazarar da ke tsakanin baki da makirufo, ƙarfin abin da ya shiga yana faɗuwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Makirufon sanda wurinsa saman kan ɗan wasa, kamar kamu ɗaya daga bakinsa, yana kallon ƙirjinsa. To darakta ya ce yana son a ga falon gaba ɗaya, har da labule da fitilar sama, dole mai riƙe sanda ya ja baya ya ɗaga don kada ya fito a hoto. Daga rabin mita an koma mita biyu, an zubar da desibel 12 kenan tun kafin a ce uffan. Ga falon da aka aro tayil ne a ƙasa, silin fi-o-fi a sama, bango ba komai. Abin da makirufo ke kamawa rabi murya ne, rabi amsa-kuwwa.

Sai a ce to a maƙala ƙaramin makirufo a riga. Nan ma akwai tarko: shadda mai sitati. Ɗan wasa na numfashi kawai za ka ji ƙaras-ƙaras kamar ana murza leda. Mayafi da sarƙar wuya su ma haka. Maganinsa a naɗe makirufon da filasta mai laushi, a manna shi a jikin singileti ko a tsakanin maɓallai, a yi wa igiyarsa ɗan lanƙwasa a manne ta don kada motsi ya bi ta ya hau. Aikin minti biyar ne, amma ranar da ake son a ɗauki sin goma sha biyar kafin magariba ba mai ba ka minti biyar ɗin.

Da kayan suka isa wurin edita, sai ya ga murya ta yi ƙasa, ya ɗaga ta. Tana ɗagowa kukan janareta da fanka da adaidaita sahun titi suka ɗago tare. Sai ya sa manhajar share hayaniya ya ƙure ta. Ita kuma ba ta san bambancin hucin fanka da harafin "s" da "sh" da "ts" ba, duk ta cinye. Shi ya sa kuke jin mutum kamar yana magana a cikin ruwa.

Ɗan Fagge: Oga duk wannan bai bayyana batun waƙa ba. Ita waƙar ai ba ta da matsala, ita ce ma ke tayar da yara daga barci.

Mai Sauti Zoo Road: Saboda ita daga situdiyo ta fito a dafe, an matse ta ta cika ma'auni har baki. Edita ya jawo ta ya ajiye yadda take kusa da maganar da ko rabin ma'auni ba ta kai ba. Abin da ya kamata: magana ta riƙa bugawa wajen -12 a ma'aunin edita, kiɗan da ke ƙarƙashinta ya sauka da aƙalla desibel 15 zuwa 20 ƙasa da ita, waƙa kuwa a rage ta har ta zo daidai da ƙarfin magana a kunne, ba a ido ba. Kuma YouTube ba ya gyara maka. Yana auna bidiyon gaba ɗaya, in ya wuce wajen -14 a LUFS, ma'aunin ƙarar sauti a kunne, ya rage shi dukkansa. Wato waƙarka mai ƙara ita ce za ta jawo a ƙara danne maganar da dama can ba ta fita.

Injiniya Farm Centre: Malam ka yi bayani, amma Hajiya tambayarta daban ce. Ba cewa ta yi murya ta yi ƙasa ba. Cewa ta yi wasu sun ji tas, wasu ba su ji komai ba. In nisa ne ko kiɗa, kowa zai sha wahala iri ɗaya. Ni abin da nake zargi sokewar sauti ce.

Ga yadda take faruwa. Makirufon ƙwararru yana fitar da murya ta siraran wayoyi biyu da ke cikin igiyarsa, ɗaya a miƙe ɗaya a juye, na'urar da aka yi dominsa ita ke haɗa su daidai. In aka sami wayar haɗi ta kasuwa aka cusa shi kai tsaye a ƙaramin ramin kyamara, sai ta ɗauki miƙaƙƙen a matsayin kunnen hagu, juyayyen a matsayin kunnen dama. Edita yana sanye da hedifon, kowane kunne na jin nasa, ba zai ga matsala ba. Mai kallo da iyafis ma haka. Amma yawancin ƙananan wayoyin da ke hannun mutane sifika ɗaya gare su, dole wayar ta haɗa hagu da dama wuri guda. Miƙaƙƙe da juyayye suka haɗu, suka kashe juna. Murya ta ɓace, kiɗan da aka ɗora daga baya kuma yana nan daram, tunda shi lafiyarsa lau.

Gwaji mai sauƙi. Hajiya, sa iyafis ki koma wurin. In kin ji magana, shiga saitin waya, ɓangaren Accessibility, ki kunna Mono audio, ki sake saurara. In ta ɓace, an kama ɓarawo.

Maman Hanif: Injiniya, Allah ya ƙara basira. An gwada. Da iyafis ana jin har shessheƙarta, ana kunna abin nan sai kiɗa kawai da wani ɗan gunaguni. Daga wajen minti na 23 ne zuwa na 27.

Mai Sauti Zoo Road: Na sallama, Injiniya ya fi ni gaskiya a wannan. Kuma gyaransa ba ya cin minti ɗaya: edita ya ɗauki kunnen hagu ya cika dama da shi, ya yar da ɗayan. Shi ya sa doka ce kafin a saki aiki a tura shi a waya mafi araha da ke ofis, a saurara ta sifikarta daga farko har ƙarshe. Wanda bai yi haka ba don kansa ya yi fim, ba don masu kallo ba.

Anti Ta Damagaram: To an ji, ƙannena. Amma kada ku mayar da komai batun waya da makirufo. Akwai waɗanda suka ji kowace kalma, kuma wurin bai taɓa su ba. Dalili, tun kafin uwar ta buɗe baki an sako kiɗan tausayi, an nuna fuskar ɗan, an nuna tata, an sake nuna tasa. An gaya maka "yi kuka" tun ba ka san abin kukan ba. Zuciya ba ta son umarni.

Editan Gyaɗi-Gyaɗi: Anti kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Ƙa'idar da aka sani ita ce kiɗa ya biyo bayan magana, ba ya riga ta ba. A bar jimlar ta faɗi a kan shiru, a tsaya a kan fuskar wanda aka faɗa wa daƙiƙa biyu ko uku, sannan kiɗa ya shigo a hankali. Amma shiru a fim ba rashin sauti ba ne. In ka yanke komai, mai kallo zai zaci wayarsa ce ta tsaya. Ana buƙatar sautin ɗakin kansa, wanda ake ɗauka bayan an gama sin: kowa ya tsaya cak, a naɗi daƙiƙa 30 zuwa minti ɗaya na ɗakin ba mai magana. Da shi ake cike tsakanin jimloli. Da yawa ba sa ɗauka, to edita ba shi da abin da zai shimfiɗa, sai ya rufe ramin da kiɗa tun daga farkon kashi har ƙarshe. Yawan kiɗan da kuke ƙorafi a kai, sau da yawa faci ne aka yi da shi.

Batun jan sin kuma, wato tsawaita wuri ba dalili, ku duba lissafin. A al'ada shafi ɗaya na rubutun fim minti ɗaya ne a allo. Kashi mai minti 45 yana son shafi wajen 45. In marubuci ya kawo 25, sauran minti 20 daga ina za su fito? Daga mota. Ta taho, ta yi hon, maigadi ya fito yana gyara hula, ya buɗe ƙyaure ɗaya, ya buɗe na biyu, ta shiga, ta yi fakin, a buɗe ƙofa, ƙafa ta sauko. Minti biyu sun tafi ba a ce komai ba. Kuma akwai dalilin kuɗi. Tun 2020 YouTube ke barin a sa talla a tsakiyar bidiyon da ya kai minti 8, kuma iya tsawonsa iya gurbin tallan da zai ɗauka. Sabuwar tasha ma ba ta fara cin cikakken kuɗin talla sai ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Zamanin kaset da faifai a Ƙofar Wambai waƙa ce ke sayar da fim, kuma a raba shi na ɗaya da na biyu. Yanzu minti ne ke sayarwa.

Ɗan Fagge: Ka manta gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya yara, ya mai jiki, ya muka ji da zafi. A yanke su duka kawai.

Anti Ta Damagaram: A'a yaro, nan ban bi ka ba. Bahaushe ya shiga ɗakin surukarsa ya fara magana ba gaisuwa, ai ka fasa fim ɗin, ba wanda zai yarda da shi. Gaisuwa ma wurin wasa ce ga wanda ya iya. Kishiya ta gaida uwargida tana tsaye maimakon ta rusuna, uwargida ta amsa "lafiya" ɗaya ba ta ɗago kai daga tsintar shinkafa ba. An gama ba ka labarin gidan nan, ba sai wani ya zauna ya yi bayani ba. Wadda za a yanke ita ce gaisuwar da ba ta ɗauke da komai.

Editan Gyaɗi-Gyaɗi: Haka ne Anti. Ma'aunin da ake amfani da shi a teburin tacewa: cire wurin, ka kalli abin da ke gabansa da bayansa a haɗe. In ba abin da ya ɓace a fahimta ko a yanayin zuciya, bai da aiki. In kuma gaisuwar dole ce amma ba ta da nauyi, sai a shiga sin ɗin a ƙarshenta, a ji "madalla" ta ƙarshe, a wuce ga magana. Kunnen Bahaushe zai cike sauran da kansa.

Mai Turi Sabon Titi: Ku ba ni dama in kare masu shiryawa kaɗan, domin abin da da yawa ke kallo ba shi ne abin da aka saki ba. Fim ya fito, wani ya sauke, ya matse shi don ya shiga memori, ya tura ta WhatsApp a matsayin bidiyo, WhatsApp ya sake matse shi, wani ya karɓa ya tura ta Xender, wani ma allon wayarsa ya naɗa. Xender ba ya rage komai, yadda aka ba shi haka yake miƙawa. Matsewar ce ke ɓarna, kuma kowace matsewa ba ta dawowa.

Lissafin a fili yake. Bidiyon da ke cin megabit 1 a daƙiƙa yana cin megabait 450 a awa. Kashi mai minti 45 a 360p yakan kama megabait 150 zuwa 250, a 720p ya haura 500. To in an ba ka kashin nan a megabait 60, ka san an yanka wani abu. Abin da ke fara mutuwa sin ɗin dare ne: duhu ya koma dabbare-dabbare, fuska ta narke. Sai mutum ya zo nan ya rubuta "ba su iya haska fim ba". Mai son tura wa ɗan'uwansa abin da ya halatta a tura, ya tura a matsayin Document, yana ɗaukar har gigabait 2 ba tare da an taɓa shi ba. Mai sa wa a filasha don talabijin kuma ya sani, in filashar tsarin FAT32 ce ba ta karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, ko da kuwa akwai fili.

Editan Gyaɗi-Gyaɗi: Rabi na yarda. Amma duhun fuska wani lokacin daga lokeshin yake. Ɗan wasa baƙi sanye da farar shadda a rana, kyamara a kan saitin kai-da-kai: farin take aunawa, ta rufe ido, fuska ta tafi. Sai an auna haske a kan fata, a sa allon mayar da haske ta ƙasa, ko a ce wa mai kaya ya kawo ruwan madara ko sararin samaniya maimakon fari fat.

Baban Ilham: Tunda masana sun hallara, ga tawa. Fassarar finafinan Indiya: farko baki da murya suna tafiya tare, kafin a kai tsakiya jarumi ya rufe baki ana ta magana. Kuma finafinan Amurka a talabijin, harbi kamar zai fasa gilashi, magana kuwa raɗa.

Mai Sauti Zoo Road: Alhaji biyu ka kawo, kowacce da dalilinta.

Ta farko, ka lura ko tazarar tana nan yadda take ko ƙaruwa take yi. In tana nan daidai daga farko har ƙarshe, jinkiri ne kawai, kana iya gyarawa. A VLC na kwamfuta harafin J da K suna matsar da sauti gaba ko baya da kashi 50 cikin dubu na daƙiƙa a kowane dannawa, a waya kuma akwai Audio delay a cikin saitin sauti. In da sifikar Bluetooth kake ji, ita kanta tana kawo jinkirin kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma ido yana kama hakan. Amma in ƙaruwa take yi, daga masu haɗawa ne. Fim ɗin silima firam 24 ne, wato hoto 24, a daƙiƙa, tsarin talabijin ɗinmu 25. In aka ɗora murya a kan kwafi mai 25, daga baya aka sami kwafi mai kyawun hoto mai 24 aka manna masa muryar nan, bambancin kusan kashi 4 cikin ɗari ne, wato wajen minti biyu da rabi a kowace awa. Ko tsakanin 24 da 23.976 ma akwai daƙiƙa uku da rabi a awa. Wannan ba maɓallin da zai gyara maka, sai an ja sautin duka a tebur.

Ta biyu, finafinan nan an haɗa su ne don sifika shida. Magana kusan duk tana sifikar tsakiya ita kaɗai, harbi da kiɗa suna sauran. A silima, kowace da wurinta, kuma ba janaretan maƙwabci. Talabijin ɗinka sifika biyu gare ta, ƙanana, suna kallon ƙasa ko bango. Ta tattara shidan ta cusa a biyu, tsakiya ta nutse. Ka duba ko fayil ɗin yana da zaɓin sauti na 2.0, wato na sifika biyu, ka zaɓe shi. In babu, shiga saitin sauti na talabijin: a LG ana kiransa Clear Voice, a Samsung Amplify, wasu kuma Night mode. A YouTube na waya akwai Stable volume, yana rage tazarar da ke tsakanin raɗa da ihu.

Injiniya Farm Centre: Ƙari a kan wannan: wanda MX Player ya rubuta masa cewa bai san sautin EAC3 ba, hoto na tafiya shiru, ba fim ɗin ne ya lalace ba. Buɗe shi da VLC. Wanda kuma hotonsa ke sarƙewa a tsohuwar waya alhali sauti na tafiya, ya duba sunan fayil ɗin. In ya ga x265 ko HEVC, wayar ce ba ta da ƙarfin warware shi, ya nemi mai x264. Kuma don Allah a daina tsokalar ramin sifika da allura. Ƙurar hunturu ce ta toshe ragar, tsohon buroshin haƙori busasshe ya isa. Allura tana huda fatar sifikar, daga nan kowace murya sai ta riƙa zizara, a zo a ce jaruma ce muryarta ba daɗi.

Ɗan Fagge: Wato yanzu kafin mutum ya ce fim bai yi masa ba sai ya yi digiri a kan sifika?

Anti Ta Damagaram: Ba wanda ya ce haka. Ka ce bai yi maka ba, haƙƙinka ne. Amma "fim ɗin nan shirme ne" ba ta amfanar kowa. Faɗi minti nawa ne, me aka yi, me ka so a yi. Ka ga yadda Hajiya ta ce 23 zuwa 27 aka gane ciwon nan take. Kuma masu rubuta wanda ya mutu a layin farko tun mutane ba su dawo daga kasuwa ba, Allah ya shirye ku. A rubuta lambar kashi a sama, a bar layi biyar, sannan a zuba.

Baban Ilham: Amin Anti. Saura ɗaya: sabuwar talabijin, amma kowane fim sai ya koma kamar wasan kwaikwayon da aka ɗauka da waya, motsin mutane ya yi santsi da yawa. Mai shago ya ce haka masu tsada suke.

Editan Gyaɗi-Gyaɗi: Mai shago kasuwarsa yake ci, Alhaji. Talabijin ɗin ce ke ƙirƙiro hotuna na ƙarya tana cusawa tsakanin na gaskiya, ta mayar da firam 24 zuwa 50 ko fiye. Don ƙwallo aka yi shi, a nan yana da amfani. A fim kuwa yana kashe nauyin hoto, kuma in ka lura da hannun mai gudu ko tayar mota za ka ga wani hazo yana bin gefensu, wurin da na'urar ta kasa cankar abin da ke tsakani. A LG sunansa TruMotion, a Samsung Auto Motion Plus ko Picture Clarity, a Sony Motionflow. Kashe shi. Sannan ka fitar da hoton daga Vivid ko Dynamic, wanda don hasken shago aka saita shi, ka mayar Cinema ko Movie. Kwana biyun farko zai yi maka kamar ya yi ja-ja ya dushe, ido ne bai saba ba. Baƙin layin sama da ƙasa kuma a bar shi, faɗin hoton silima ne ya fi na allon. In ka danna Zoom don ka cike shi, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin hoton kake yankewa, shi ya sa wani lokaci za ka ji mutum biyu na magana amma hancin ɗaya kawai kake gani a gefe.

Baban Ilham: An samu TruMotion ɗin, an kashe. Amma da aka koma filasha sai ya dawo.

Injiniya Farm Centre: Kowace ƙofa da nata saitin, Alhaji. Na dikoda daban, na filasha daban, na YouTube daban. Sai ka kunna fim ta kowacce ka kashe shi a can, ko ka nemi inda aka rubuta Apply to all inputs a ƙasan saitin hoto ka danna sau ɗaya.